Yadda ake haɗa hukumomi wuri guda don maganin ƙwacen waya da faɗan daba a unguwa

Duk unguwar da ƙwacen waya ko faɗan daba ya addaba, idan aka bincika za a tarar kowa na riƙe da wani yanki na labarin. Mai unguwa ya san gidan da yaran suke fitowa. 'Yan sintiri sun san lungun da suke laɓewa da lokacin da suke fita. Mai kyamis ya san wanda ke zuwa neman ƙwaya. Baturen 'yan sanda yana da ikon kamu da gurfanarwa, amma bai daɗe da zuwa ba, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin ya gama sanin lungunan yankinsa. Ƙaramar hukuma kuma ita ke da alhakin fitilar titin da ta shekara a mace. Aikin da ke gabanku shi ne tara waɗannan guntaye a tabarma ɗaya, a raba aiki a rubuce, a riƙa bibiya. Mun ɗauki misalin birnin Kano saboda kusan duk hukumomin da ake buƙata suna nan, amma tsarin zai yi aiki a Kaduna ko Bauchi ko Gombe, inda sunan matsalar ya koma sara-suka ko ƙalare.

Ku fara da sanin wa ke da ikon me

Mafi yawan rigimar da ke rusa haɗin gwiwa daga nan take tasowa, wani ya shiga hurumin wani. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sandan Najeriya, kuma a unguwa su ne masu binciken manyan laifuka irin su fashi, kisa da sara, su ne masu tsare wanda ake zargi su kai shi kotu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin aiki tare da jama'a, daga matakin jiha har zuwa ofishin yanki. Tun kafin ita ma akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, wanda aka kafa a 1984, yana da rassa a ofisoshin yanki. Saboda haka idan kuka je wurin DPO, wato baturen 'yan sanda na yankinku, da wannan magana, ba alfarma kuke roƙo ba, abu ne da doka ta san da shi.

Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke da shari'ar dillalan wiwi da ƙwaya, kuma a babbar kotun tarayya take gurfanar da su. Sibil Difens tana kula da kadarorin gwamnati, wato wayoyin lantarki, taransifoma, bututun ruwa, ita ce kuma ke ba kamfanonin gadi lasisi. Hisbah ta Kano, da dokar 2003 ta kafa, ƙarfinta yana wurin sulhu, nasiha, rikicin aure da na iyali, kuma ba ta riƙe bindiga. KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, tana kan titi. Shagon magani da ke sayar da abin da bai kamata ba, hukumar kula da masu harhaɗa magunguna da NAFDAC ne ke da ikon rufe shi. Ƙaramar hukuma kuwa, jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora mata fitilun titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, sanya wa tituna suna da lambar gidaje, da kula da shaguna da rumfuna. Mutane na raina wannan kason, alhali rabin maganin yana cikinsa.

'Yan sintiri, ko na ƙungiyar bijilante ne ko na unguwa, matsayinsu a doka bai wuce na kowane ɗan ƙasa ba. Za mu dawo kan wannan, domin nan ne ake yawan yin ɓarna.

Kafa kwamitin

Ku bi ta hannun masu ƙasa. Mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi, sannan a rubuta wa DPO takarda mai sa hannun mai unguwa da kansilan mazaɓa, a aika kofi ga shugaban ƙaramar hukuma. Ku ajiye kofin da aka buga wa hatimin karɓa. Ranar da aka canza DPO, wannan takarda da littafin zamanku su ne za su gabatar da ku ga sabon da ya zo.

Kada kwamitin ya wuce mutum 15. Taron mutum 40 wa'azi ne kawai, ba a yanke komai a cikinsa. A sa mai unguwa, wakilin DPO, kwamandan sintiri, wakilin Hisbah, na NDLEA, na Sibil Difens, ma'aikacin sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, limami, fasto idan akwai coci a unguwar, shugaban makarantar sakandare mafi kusa, shugaban 'yan adaidaita sahu na tashar unguwar, matasa biyu da mata biyu. Matan ba don cika lissafi ba ne. Su ne suka san gidan da ake ɓoye kayan sata, da yaron da ya fara kwana a waje, tun kafin labari ya iso zaure. Idan al'adar wurin ba ta bari su zauna da maza, a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya, wata dattijuwa ta riƙa kawo saƙo.

Abin da ya fi yawan mutane muhimmanci shi ne kowace hukuma ta ba da mutum ɗaya tsayayye, da sunansa da lambarsa, wanda zai iya cewa "za mu yi" kuma a yi. Idan yau an turo kofur, gobe wani daban, kowane zama sai an sake bayani daga farko, a wata uku kowa ya gaji. Ku nemi a ba ku jami'in da ke kula da binciken laifuka na ofishin, ko wani sufeto da aka ɗora wa unguwar.

Zama duk mako biyu a watanni ukun farko, daga baya sau ɗaya a wata. Kada ya wuce minti 90. A yi shi a makaranta ko ƙofar gidan mai unguwa, a guji gidan ɗan siyasa ko ofishin jam'iyya. Magatakarda ya rubuta abu huɗu kawai a kan kowace magana: mene ne za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, an yi ko ba a yi ba. Zama na gaba da karanta wannan ake buɗe shi.

Littafin unguwa

Kafin a ɗauki kowane mataki, a yi kwana 30 ana rubutu. Abin da ke rubuce a caji ofis kaɗan ne daga abin da ke faruwa, domin wanda aka ƙwace wa ƙaramar waya yakan ga zuwa ofis ɓata lokaci ne. Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ku ja layuka: kwanan wata, ƙarfe nawa, wane wuri daidai, me ya faru, mutum nawa, da ƙafa ko a babur ko a adaidaita, wane makami, ta ina suka gudu, an kai rahoto ko ba a kai ba. Ba a rubuta sunan wanda ake zargi a wannan littafi, ba a rubuta sunan wanda ya kawo labari.

"Wuri daidai" na nufin a ce bakin taransifoma ta layin makabarta, ko kwanar da ke bayan firamare. Rubuta sunan unguwa kawai ba ya amfanar kowa. Sai a zana taswirar unguwar a babban kwali, a ɗiga jan biro a duk inda abu ya faru. Bayan wata guda za ku ga ɗigon sun taru a wurare uku ko huɗu, a sa'o'i ƙalilan, galibi bayan magariba zuwa goman dare, da kuma asuba lokacin da masu sammako ke fita. Faɗan daba kuma yana da nasa kalandar: hawan sallah, gangamin siyasa, kallon ƙwallo, biki mai kiɗa, da dawowar 'yan farauta. Wanda ya san kalandar nan yana iya neman ƙarin jami'ai mako biyu kafin ranar, maimakon kiran waya bayan an zubar da jini.

Matsala ɗaya, wuri ɗaya

Kwamiti da yawa sun mutu saboda sun ce za su kawar da laifi gaba ɗaya. Ku zaɓi abu guda da littafin ya nuna, ku ba shi wata uku. A ce littafin ya nuna ƙwacen waya a wani layi mai tsawon mita 300, tsakanin bakwai da rabi zuwa goman dare. Sai kwamitin ya taka da ƙafa, sau ɗaya da rana, sau ɗaya a daidai lokacin da abin ke faruwa. A tambayi abu uku: me ya sa nan, su wa ke yi, ina wayar ke zuwa.

Amsar tambayar farko kusan kullum a fili take. Duhu ne, ko kango marar ƙofa, ko juji da ya toshe gani, ko wani siririn lungu da ke ɓullewa wata unguwar. Wannan aikin ƙaramar hukuma da mai unguwa ne. Fitilar sola a kowane mita 25 zuwa 30, a kafa ta sama da mita biyar, a walde akwatin batirin, domin batirin ake fara sacewa. A damƙa kowace fitila ga gidan da ke kusa da ita. Kango kuma a nemo mai shi ta hannun mai unguwa, a ba shi takarda da wa'adi ya sa ƙofa ko ya toshe da bulo. Idan za a sa ƙofar ƙarfe a bakin lungu, a nemi izinin hukuma, a bar makulli a gidaje biyu aƙalla, saboda gobara da mai naƙuda.

Tambaya ta biyu ta 'yan sanda da 'yan sintiri ce. Tsayuwar awa biyu da rabi a wurin da littafi ya nuna ta fi yawon dare gaba ɗaya a mota da jiniya. A riƙa sauya ranaku da wurin tsayuwa, don yaran ma suna da masu leƙa musu.

Ta uku ita ake mantawa, ita ce kuma ta fi ciwo. Yaro ba zai ƙwaci waya ba idan babu mai saye. A zauna da shugabannin masu sayar da waya da masu gyara, a yi yarjejeniya: duk wanda ya kawo tsohuwar waya a rubuta sunansa, lambarsa, shaidar katinsa da lambar jikin wayar. Haka za a yi da 'yan gwangwan game da wayar lantarki da murfin kwalbati. A masallatai da makarantu a koya wa mutane danna *#06# su ga lambar jikin wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15, su rubuta ta a takarda su ajiye a gida tare da rasit. Ba tare da ita ba, ko an kama waya a hannun ɓarawo da wuya a tabbatar ta wane ce. Wanda aka ƙwace wa waya, kafin komai ya sa a toshe layinsa da asusun bankinsa, domin kuɗin da ke ciki sau da yawa sun fi wayar daraja.

Sirri

Da ɗan gari ake cin gari, kuma wannan ya shafi ɓangarorin biyu. Ranar da aka ji cewa wane ne ya kai sunan wane, daga ranar babu wanda zai sake buɗe baki, wanda ya yi maganar kuma rayuwarsa na cikin haɗari. Don haka a raba bayani gida biyu. Maganar wurare da lokuta ta kwamiti duka ce. Maganar sunaye ta mutum uku ce kacal: mai unguwa, jami'in 'yan sanda da aka ware, da wakilin hukumar da abin ya shafa. Baki da baki ake yin ta. Kada a taɓa sa sunan wanda ake zargi ko hotonsa a zauren WhatsApp na unguwa. Ba ku san wayar wa ke hannun ɗan wa ba, kuma idan zargin ya zama ƙarya kun ɓata sunan ɗan mutane, ana iya kai ku kotu.

Kada a ɗauki mataki kan labarin mutum ɗaya. A samu majiya biyu da ba su haɗa hanya ba. Kishi, rikicin gado, rigimar fili da neman aure duk suna sa a kai sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Ranar samame kuma, waɗanda za su fita kaɗai za su san lokaci. Idan sau biyu a jere aka je aka tarar wuri wayam, to akwai mai tsegumi a ciki, a rage masu sani.

'Yan sintiri da iyakarsu

Mai unguwa da magidanta biyu su tsaya wa duk wanda zai shiga sintiri, a kai sunayen ofishin 'yan sanda a tantance, a ba shi kati mai hoto. Kada a ɗauki ɗan ƙasa da shekara 18, kada a ɗauki mai shaye-shaye, komai jarumtarsa. Fita rukuni-rukuni, mutum huɗu zuwa shida, da tocila, usur, riga mai ƙyalli, waya mai caji da kati. A rubuta sunan duk wanda ya fita da lokacin da ya dawo. Bindiga, ko ta toka ce, tana buƙatar lasisi.

Doka ta yarda ɗan ƙasa ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ofishin sintiri ba wurin tsare mutum ba ne. Ba a duka don ya amsa laifi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta wannan ga jami'an gwamnati, balle wanda ba jami'i ba, kuma amsa laifin da aka samu da duka kotu na iya watsi da ita, ɓarawon gaske ya fita. Ba a aske kai, ba a zagaya gari da mutum, ba a cin tara. Kayan da aka samu a hannunsa a rubuta su a gaban shaidu biyu, kada a yi ta jagwalgwala wuƙar da hannu, a miƙa tare da shi, a karɓi sunan jami'in da ya karɓa da lokacin.

Mafi hatsarin lokaci shi ne mintuna goman farko bayan an yi ihun ɓarawo. Aikin ɗan sintiri a nan shi ne ya kare wanda aka kama daga taron jama'a: a shigar da shi wani gida ko shago, a rufe, a kira 'yan sanda, dattijo ya tsaya a ƙofa. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda 'yan sintiri suka tare matafiya mafarauta 'yan Kano, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu, ya isa darasi. A Zamfara ma kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka hura wutar ramuwar gayya. Baƙo ba mai laifi ba ne don kawai ba a san fuskarsa ba.

Idan akwai wanda aka sara ko aka harba, asibiti ne farko. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga ta wajabta wa asibiti ya karɓe su ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ku riƙe lambar ofishin yankinku da ta motar sintiri, sun fi saurin amsawa. Idan fyaɗe ne, ba maganar sulhu a zaure. A kai yarinyar ko yaron asibiti cikin awa 72, kafin wanka idan zai yiwu, a ajiye tufafin. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala.

Bayan kamu

"Mun kama, sun sake shi" ita ce maganar da ta fi kashe wa mutanen unguwa gwiwa. Wani lokaci akwai rashin gaskiya a ciki, amma sau da yawa dalilin a bayyane yake. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma beli haƙƙi ne a yawancin laifuka. Idan mai ƙara bai je ya ba da jawabi ba, shaidu suka noƙe, babu abin da mai gabatar da ƙara zai riƙe. Don haka kwamiti ya ware mutum ɗaya mai bin shari'u: ya san lambar ƙara, kotun da take, ranar zama, ya tuna wa shaidu, a biya musu kuɗin mota daga asusu, a raka su. Dattawan kwamiti kuma su yi alkawari tun farko cewa babu mai zuwa roƙon a saki wani a ɓoye, ko da ɗansa ne. Ranar da aka saki ɗan mai hali aka riƙe ɗan talaka, kwamitin ya gama yawo.

Ku ma ku sa ido kan hukuma. Belin 'yan sanda kyauta ne. Doka ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma hana tsare mutum kan bashi ko wata rigimar ciniki. Idan aka samu matsala da jami'i, a fara da DPO a keɓe, in ba ta warware ba a rubuta wa kwamandan shiyya, sannan kwamishina. Tona wa juna asiri a rediyo ya zama matakin ƙarshe.

Ba kowane yaro ne na kurkuku ba. A cikin gungun mutum 20, masu riƙe wuƙa da gaske ba su da yawa, sauran 'yan rakiya ne. Waɗannan a kira iyayensu gaban mai unguwa da Hisbah, a rubuta alkawari, a haɗa kowane yaro da wani mai sana'a, gareji ko walda ko ɗinki, a sa wanda zai riƙa leƙa shi duk mako. Wanda ƙwaya ta riga ta kama, nasiha kaɗai ba ta isa ba, jinya yake buƙata: sashen ba da shawara na NDLEA ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau. Kada a kai shi gidan mari a ɗaure. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 masu sha suka riƙa komawa wasu abubuwan, don haka a tambayi jami'in NDLEA abin da ke yawo yanzu, kada a tsaya neman kwalaben jiya. Wanda ya tuba ya ajiye makami, watanni ukun farko su ne masu wuya, tsofaffin abokai na jansa, abokan gaba na jiransa. Idan ba a sama masa abin yi a wannan tsakanin ba, zai koma.

Kuɗi da siyasa

A ce gida 300 ne, kowane ya ba da naira 500 a wata, an samu 150,000. A buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, biyu su isa cire kuɗi. A ba da rasit, a karanta lissafi duk wata a liƙa shi a ƙofar masallaci. Gidan marayu da wanda ba shi da hali a ɗauke masa, kuma kada ɗan sintiri ya je karɓar kuɗi da gora a hannu. Daga nan ne sintiri ke rikiɗewa ya zama karɓar kuɗin fansa. Idan za a taimaka wa 'yan sanda da mai ko gyaran mota, a saya a kai a rubuta, kada a damƙa tsabar kuɗi a hannun mutum. Gudummawar ɗan siyasa a karɓe ta a fili, kaya ne ya fi, ba tare da hotonsa a rigar sintiri ba. Duk ɗan sintirin da ya shiga tawagar kamfen ya ajiye katinsa har a gama zaɓe.

Bayan wata uku a buɗe littafi a gwada da kwana 30 na farko. Idan rahoto ya ƙaru a watan farko kada ku firgita, sau da yawa alama ce mutane sun fara yarda su faɗa. Ku duba ko matsalar ta ragu ne ko ta tsallaka layi na gaba ko unguwar maƙwabta. In haka ne, a gayyaci mai unguwarsu da 'yan sintirinsu zama na gaba, musamman idan iyakar ofisoshin 'yan sanda biyu ta ratsa tsakaninku, domin yaran sun san inda ikon wannan DPO ya ƙare. Ku tambayi mai shayi ƙarfe nawa yake tashi yanzu, ku tambayi 'yan Islamiyyar dare ko sun koma bin layin da suka daina bi. Idan jan ɗigon ya ragu a wurin farko, a bar fitilu da mutum biyu a can, a ɗauki wuri na biyu a taswira.